Wa Ya Ƙirga Gawarwakin? Abubuwan Mamaki a Lissafin Mamatan Yaƙi

Wanda ya tashi daga Ƙofar Na'isa ya bi gindin badala ya yi yamma, in ya wuce Gadon Ƙaya zai tarar da Dukawuya da Kabuga. A wannan ɗan tsakanin aka ci Kano da yaƙi ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta fara gwada Dukawuya, igwa ta kasa yi wa ƙofar komai, sai suka karkata Kabuga suka samu shiga. Rahoton Turawa ya ce ba su rasa mutum ko ɗaya ba, 14 ne suka ji rauni, Kanawa kuwa an kashe musu wajen 300. Dubi lambobin nan biyu da kyau. Ta farko ƙirge ce, domin kowane soja yana da suna da lamba a littafin albashi. Ta biyu kintace ce ta wanda ya ci yaƙi yana duban fili daga kan doki. Sarki Alu ba ya gari a ranar, ya tafi Sakkwato, kuma cikin waɗanda suka tsaya suka mutu sunan Sarkin Shanu ne ya fi zama a bakin mutane. Sauran duk an dunƙule su cikin "wajen 300".

Wani abin da ba a cika faɗa ba: Turawan da ke cikin rundunar ba su kai 40 ba. Sojoji sama da 700 da suka harba bindigogin 'yan Afirka ne, da yawansu da Hausa suke magana.

A Kwatarkwashi, ƙarshen Fabrairun shekarar, dakarun Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi karo da Laftana Wright da mutanensa da ba su kai 50 ba. Takardar da ta ba Wright lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila ta ce ya tare mahaya 1,000 da dakarun ƙasa 2,000 har tsawon awa biyu. Wa ya samu sukunin ƙirga dawaki dubu suna sukuwa a kansa cikin ƙura da hayaƙin bindiga? Yawan abokan gaba shi ke ƙara wa lambar yabo nauyi, shi ya sa ba a cika rage shi ba. Waziri Ahmadu dai a nan ya yi shahada, wannan kam babu kintace a ciki.

Sakkwato, 15 ga Maris: faɗan bai daɗe ba, aka ce mamata kusan 100. Burmi, 27 ga Yuli: Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi tare da mutane sama da 600, a ɓangaren Turawa kuwa Manjo Marsh ne ya mutu, kuma sunansa da muƙaminsa suna nan a rubuce.

Abin da ya faru a garin Satiru ya fi duka ɗaga hankali. A Fabrairun 1906 talakawa masu gatura da fartanya suka kashe Turawa 3 da sojoji baƙar fata sama da 20, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Turawan uku kowa ya san sunayensu: Hillary, Scott da Blackwood. Ranar 10 ga Maris aka koma ramuwa, aka shafe garin daga doron ƙasa, aka hana sake gina shi. Mamata? "Kimanin 2,000." Ga mutum uku da sunayensu, ga gari guda cikin sifiri uku. Ni dai duk lokacin da na ga lissafin mamata ya ƙare da sifiri a jere, nakan ɗauka cewa babu wanda ya durƙusa ya duba fuskokinsu.

Kada a zaci wannan matsalar zamanin dawaki ce. Ranar 17 ga Fabrairu, 1979, Sin ta tsallaka iyakar Biyetnam da sojoji kimanin 200,000, ta kama garuruwan Lao Cai da Cao Bang da Lang Son, sannan ta kammala janyewa ranar 16 ga Maris. Wata guda kacal, a zamanin rediyo da jirgin sama da tauraron ɗan'adam. Duk da haka, takardun da suka fito daga ɓangaren sojan Sin sun nuna mamatansu ba su kai 7,000 ba, wasu masu bincike na ƙasashen waje suka ce 26,000 ne, Biyetnam kuma ta yi iƙirarin kashewa da raunata 62,500. Yaƙi ɗaya, runduna ɗaya, lamba uku da ba sa ga maciji da juna. Kowane ɓangare kuma ya yi shelar shi ya yi nasara.

Amma ga inda lissafi ya zauna daram: da aka zo musayar fursunoni a watannin Mayu da Yuni na shekarar, Sin ta miƙa 'yan Biyetnam 1,636, Biyetnam ta miƙa 'yan Sin 238. Ba ragi ba ƙari. Mai rai yana tsayawa a layi, a kira sunansa ya amsa, ɗaya ɓangaren ya sa hannu ya karɓa.

Ta yaya lambobi ke kumbura haka? Sau da yawa akan haɗa wanda ya mutu da wanda ya ji rauni da wanda ya ɓace a jimla ɗaya, sai mai ba da labari ya mayar da su duka gawa. Masu kintace kuma suna da wani ma'auni da suka samo daga yaƙe-yaƙen ƙarni na 20, wato kusan masu rauni uku ga kowane mamaci ɗaya, su ninka ko su raba yadda lissafi zai fita. Sannan sojoji biyu kan harbi mutum ɗaya, kowa ya kai rahoton nasa. A ƙasarmu kuwa akwai wani dalili da ke jan lambar ƙasa: Musulmi ba ya barin ɗan'uwansa ya kwana a fili in da hali. Kafin mai biro ya iso, an yi sutura.

A tarzomar Kano ta Mayun 1953, hukuma ta ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. A rikicin Maitatsine na Disambar 1980, kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ba da 4,177. Lamba mai wutsiya irin wannan tana nuna an yi ƙoƙarin ƙirgawa, kuma ƙoƙarin ya cancanci yabo, amma iyakarta abin da ya iso hannun hukuma.

Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 shi ne mafi faɗin giɓi: daga 500,000 har zuwa miliyan 3, mafi yawa yunwa ta kashe su. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu kaɗai ta fi yawan jama'ar wasu ƙasashe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu masu gadon rubuta sunaye ne. Shahidan Badar 14 ne, kuma bayan shekara sama da 1,400 ɗalibin sira zai iya jero su ɗaya bayan ɗaya, da dangin kowa. Malaman farko sun ɗauki wannan aiki ne na ilimi. Yaƙin Kano kuwa jiya-jiya aka yi shi, jikokin waɗanda suka tsaya a bakin ganuwa suna nan da ransu a lungunan birni.

Ita kanta tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 saboda faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a gurbinta. Gini yana sake ginuwa, amma dattijon da ya ji labari daga bakin kakansa in ya tafi, ya tafi da shi. Idan a gidanku akwai wanda aka ce ya faɗi ranar zuwan Nasara, a Kabuga ko Kwatarkwashi ko Burmi, je ka zauna gaban tsofaffin gidan, ka rubuta sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, ka kai wa masu tarihi a Gidan Makama ko Jami'ar Bayero.