Ciwon kan da ke tashi idan an miƙe tsaye: Yadda hoto ke gano yoyon ruwan laka

Akwai ciwon kai mai wata alama da ta raba shi da saura. Mutum kan farka da safe garau, amma da ya miƙe tsaye ko ya zauna a ofis ko a shago, sai kan ya fara sara, galibi daga ƙeya zuwa wuya, wani lokaci da jiri, tashin zuciya ko ƙara a kunne. Idan ya kwanta sai ciwon ya lafa. Mai fama da shi na iya shafe watanni yana shan maganin maleriya, taifot ko hawan jini, alhali tushen matsalar yana ƙashin baya.

Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa garai-garai wanda tantani mai kauri ya kewaye. Yawansa a jikin baligi kusan mililita 150 ne, kuma shi ke tallafe ƙwaƙwalwa mai nauyin kusan kilo 1.4. Idan tantanin ya huje a ƙashin baya, ruwan yakan zurare, ƙwaƙwalwa ta ɗan zamo ƙasa tana jan sassan da ke jin zafi. Tsayuwa na ƙara wannan ja, kwanciya na rage shi.

Hujin kan biyo bayan allurar ƙashin baya, kamar wadda ake yi wa mata kafin tiyatar haihuwa ko wajen ɗibar ruwa don gwajin sanƙarau. Wannan yana da sauƙin ganewa, kuma yakan toshe da kansa cikin kwanaki. Mai wuyar shi ne wanda ke zuwa haka kawai, wanda likitan Jamus Georg Schaltenbrand ya bayyana a 1938. An ƙiyasta yana kama kusan mutum 5 cikin 100,000 a shekara, kuma ya fi yawa a mata.

Auna ƙarfin ruwan da allura bai wadatar ba, domin marasa lafiya da dama awonsu kan fito daidai. Shi ya sa likitoci suka dogara da hoto, mataki bayan mataki.

Matakin farko shi ne hoton kai da na'urar MRI, tare da sinadarin gadoliniyom da ake sakawa ta jijiya. Likitan hoto na duba ko tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ya yi haske ko'ina, ko ƙwaƙwalwar ta zamo ƙasa, ko jijiyoyin jini sun cika sun kumbura, ko ruwa ko jini ya taru a ƙarƙashin tantanin. Hoton CT na kai yakan kasa nuna yawancin waɗannan. Ko MRI ɗin ma kan fito lafiya lau a kusan mutum 1 cikin 5 masu cutar, don haka hoto mai kyau ba ya kore ta.

Hoton kai yana nuna cewa akwai yoyo, amma ba ya nuna inda yake. Mataki na biyu shi ne MRI na ƙashin baya gaba ɗaya, don neman ruwan da ya taru a wajen tantanin. Na uku shi ne mayelogirafi: ana zuba rini a cikin ruwan lakar, sannan a bi shi da CT ko hoton eksire mai motsi, a ga daidai wurin da yake ficewa.

Da wannan ake bambance manyan nau'o'i uku: tsagewar tantani saboda tsinin ƙashi, fashewar wata 'yar jaka a gindin jijiya, da kuma zurarewar ruwan kai tsaye cikin jijiyar jini. Wannan na ƙarshe sai a 2014 likita Wouter Schievink da abokan aikinsa na birnin Los Angeles a Amurka suka bayyana shi. Ba ya barin ruwa a waje, don haka akan kwantar da mutum ta gefe kafin a kama shi a hoto.

Gane cutar daidai na da muhimmanci. Idan aka ga jini ya taru a kai aka yi tiyatar cire shi ba tare da toshe yoyon ba, yana iya sake taruwa. Idan kuwa aka gano ta, akan ɗebi jinin mai ciwon a yi masa allurarsa a bayan tantanin don ya daskare ya toshe hujin. In hakan bai yi ba, sai tiyata ko toshe jijiyar da ke zuƙe ruwan.

Hoton MRI na da tsada, kuma galibi sai a asibitocin koyarwa da manyan cibiyoyin gwaji ake samunsa. Abin da zai hana asarar kuɗi shi ne bayani: mai ciwon ya faɗa wa likita ƙarara cewa kansa na ciwo a tsaye, yana lafawa a kwance, domin a rubuta hoton da ya dace tun farko. Idan kuma ruɗewa, yawan barci ko raunin gaɓa suka biyo baya, a garzaya asibiti nan take.