Ɗan lise ba littafi, manomi ne ba hauya

Kowace shekara idan kaka ta yi, yara da yawa suna barin ƙauyukan arewacin Adar su tafi gari karatu. Wasu daga Barmu, Afala, Kalfu da Takanamat suke fitowa. Wasu daga Tamaske, Garhanga da Ibohaman. Akwai kuma ɗiyan makiyaya daga wajen Kawo, Tabalak da Abalak. Yau manyan garuruwan karkara da yawa suna da kolej. Amma wanda zai shiga lise, yawanci sai ya nufi babban gari kamar Tawa.

Uwaye suna yi musu guzuri. Ana ɗaura tabarma, ana auna hatsi, ana ɗinka sabuwar riga. Abu ɗaya ne aka fi mantawa da shi, shi ne littafi. Alhali kuwa a kansa ne cin jarrabawa ko faɗuwa ya rataya.

Matakan karatun lakwal

Karatun lakwal a Nijar hawa-hawa ne. Yaro yana yin shekara 6 a ƙaramar lakwal. Idan ya ci, sai ya wuce kolej, ya yi shekara 4. A ƙarshenta akwai jarrabawar BEPC, wadda ake kira birebe. Bayan nan sai lise, shekara 3, da jarrabawar bak a ƙarshe. Jimla shekara 13 ke nan, idan yaro bai maimaita aji ba. Da bak ake shiga jami'a.

A birnin Tawa akwai lise Agabba. Akwai makarantar koyon aikin malanta mai sunan Kawsan. Tun shekarar 2010 kuma akwai jami'a. Ke nan ɗan Adar yana iya yin karatu tun daga aji ɗaya har jami'a bai fita jiharsa ba. Hanya a buɗe take. Sai dai masu faɗuwa tsakanin hanya suna da yawa.

A kolej da lise bisa 20 ake ba da maki. Wanda bai kai 10 ba a ƙarshen shekara yakan maimaita aji. Idan ya sake faɗuwa ana iya korarsa. Sai ya komo gida, shekaru sun tafi, kuɗin uwaye sun tafi. Daga nan da yawa sai su bi motar Abijan, ko Najeriya, ko Libiya, su tafi biɗa.

Me ke kayar da yara?

Mutane sukan ce yaron ba shi da kai. Sau da yawa ba haka ba ne. Karatu ne bai zauna a bakinsa ba.

Akwai wani bincike da ake yi a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ana kiran shi PASEC. A shekarar 2014 an gwada yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal. Cikin yara 10, ko 1 bai cika ba wanda ke karanta rubutu ya gane shi yadda ya kamata. A 2019 an sake gwadawa, aka samu kamar 3 cikin 10. An ci gaba, amma har yanzu da sauran aiki.

Yaron da ya shiga kolej da wannan rauni yana gamuwa da babban nauyi. A ƙaramar lakwal mushe ɗaya ne ke riƙe da aji. A kolej kowane darasi da malaminsa: Faransanci, lissafi, tarihi, labarin ƙasa, ilimin halittu, Ingilishi. A ajin ƙarshe na lise har da falsafa. Dukansu ta hanyar karatu ake shigarsu. Ko lissafi, sai yaro ya karanta tambaya ya gane ta kafin ya yi aiki.

Inda babu littafi, malami yana rubutawa bisa allo, yara suna kwafa cikin kaye. Rabin lokacin darasi wajen kwafa yake ƙarewa. Idan yaro ya yi kure wajen kwafa, kuren zai hardace. Idan ya yi kwana uku ba lafiya, darasin kwana uku ya wuce shi. Ran jarrabawa kuma ba abin da ya hardace kaɗai ake tambaya ba. Ana ba shi rubutun da bai taɓa gani ba, a ce ya yi bayaninsa. Ana ba shi magana ɗaya, a ce ya rubuta shafi uku ko huɗu a kanta. Wanda bai saba da littafi ba, nan hannunsa ke tsayawa.

Littattafan da gwamnati ke aikowa ba su isar kowa. Sau da yawa yara uku ko huɗu ne ke duba littafi ɗaya. Ɗan gari yana iya samun na wansa ko na maƙwabci. Ɗan ƙauye baƙo ne, yana zaune gidan mai masauki. Wani lokaci shi ke ɗebo ruwa, shi ake aike kasuwa. Da dare kuma ba fitila tasa ta kansa.

Abin da ke cikin littattafan

Wasu uwaye suna tsoron littafin lakwal. Suna cewa labarin Nasara ne kawai a ciki, zai raba yaro da gida. Gaskiya ne a zamanin mulkin mallaka tarihin Faransa aka fi koya wa yara. Amma tun daga baya ƴan Afirka sun rubuta nasu.

Kamara Laye, mutumin Gine, ya fitar da L'Enfant noir a 1953. Labarin ɗan maƙeri ne da ya bar gida don karatu. Mariyama Ba ta Senegal ta fitar da Une si longue lettre a 1979, kan zaman aure da takaba. A Nijar, Abdullahi Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980. Labarin Sarauniyar Lugu ne, wadda ta tsaya gaban sojan Bule da Shanuwan a 1899. Waɗannan soja su ne suka ƙone Birnin Ƙonni a wannan shekara. Bubu Hama, wanda ya rasu a 1982, ya bar littattafai masu yawa kan tarihi da al'adun ƙasa.

Ita kanta Adar tana da littafinta. A 1975 malamin tarihi Jibo Hamani ya fitar da littafi kan tarihin Adar kafin zuwan Nasara. Cikinsa akwai labarin Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar wajen 1674, kuma daga gare shi sarautar Sarkin Adar ta Illela ta samo asali. Sunansa ne lise ta Tawa ke ɗauke da shi. Jami'ar Tawa kuwa sunan Jibo Hamani aka sa mata. Yaron da ya karanta irin wannan littafi, idan ya komo hutu yana da abin tattaunawa da tsofaffin garinsu.

Adar ba baƙuwar littafi ba ce

Tun kafin lakwal ta zo, akwai masu littafi a wannan ƙasa. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a nan ya zauna, kabarinsa yana kusa da Madawa. Shi kansa Shehu a Maratta aka haife shi a 1754, cikin ƙasar da take jihar Tawa yau. A wajen Abalak akwai gidajen malaman Abzinawa da suka gaji littattafan hannu kaka da kakanni.

Mutanen dā sun san darajar littafi. Da hannu suke kwafa shi. Suna yi masa gafaka ta fata, suna rataye shi inda gara da ruwa ba su kai. Almajiri yana tafiyar kwanaki da ƙafa don littafi ɗaya. Littafin lakwal ma yana son irin wannan kulawa.

Karatun Hausa ba ya hana Faransanci

Akwai masu cewa idan yaro yana karanta Hausa, Faransancinsa zai lalace. Ba haka ba ne. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda idonsa ya saba haɗa baƙaƙe cikin harshen da ya sha a nono, ya fi saurin kama na wani harshe. Don haka ne tun 1973 gwamnati ta buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci.

A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma littattafan kolej da lise da Faransanci suke. Ke nan yaro yana bukatar duka biyu. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam suna sa yaro son karatu. Ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijingini yana taimaka masa ya ƙetara daga wannan harshe zuwa wancan.

A nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci yake da babban amfani. Uban da ke karanta jarida gaban ɗiyansa ya riga ya ba su darasi, ko bai ce komai ba.

Abin da uwaye za su iya yi

1. Su tambayi malamai sunan littattafan da yaro ke bukata a ajinsa. A rubuta sunayen bisa takarda kafin a tafi kasuwa, don kada a sayi wanda aka daina aiki da shi.

2. Su sa kuɗin littafi cikin lissafin kaka. Lakwal tana buɗewa lokacin da hatsi ya fi araha. Wanda ya ware tunkiya ko akuya tun da rani don wannan bukata, ba zai karyar da hatsinsa ba.

3. Idan kuɗi ba su isa ba, a fara da ƙamus, da littafin Faransanci, da na lissafi. Tsohon littafi ma yana aiki, in dai shafunansa sun cika. Ɗan ajin jarrabawa yana bukatar littafin tambayoyin shekarun baya.

4. Su saya wa yaro fitila tasa, irin mai aiki da hasken rana. Ba ta cin kananzir, ba ta cin batir.

5. Su je da kansu su ga mai masauki. A kai masa goro da hatsi, a roƙe shi ya bar wa yaro lokacin karatu bayan sallar isha'i.

6. Idan yaro ya zo hutu, a sa shi ya karanta shafi ɗaya, sannan ya faɗi ma'anarsa da Hausa ko Fillanci ko Tamajak. Uba ba ya bukatar jin Faransanci. Idan yaro ya iya ba da labarin tiryan-tiryan, ya gane. Idan ya yi ta kame-kame, a je a ga malaminsa tun da wuri.

7. Su nemi takardar maki kowane zango. Lamba ce, wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya karanta ta. Ƙasa da 10 alamar haɗari ce.

8. Salula tana da amfani, ana iya aiko darasi cikinta. Amma a lura, kada ta cinye daren karatu.

Akwatin littafi na gari

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Adar sun san aikin gayya. Tun 1984, da aikin raya karkara na Kaita, maza da mata suka yi ta jera duwatsu, suna dasa itace, har fako ya koma gona. Sun san bankin hatsi kuma. Littafi ma ana iya yi masa banki.

Misali, gida 20 kowane ya sayi littafi 1. An samu littafi 20 ke nan. A sa su cikin akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗora bisa duwatsu saboda gara. A ba wani amintacce riƙo, malamin yaƙi da jahilci ko wani daga ƙungiyar uwayen yara. Duk wanda ya ara, a rubuta sunansa da ranar da zai maido. Wanda ya gama aji ya bar wa na baya littafinsa. Ƴan biɗa da ke Abijan, inda ake sayar da littattafan Faransanci da yawa, idan za su komo su sa littafi ɗaya cikin tsaraba.

Ga makiyaya, akwatin yana iya zama jakar fata da za ta bi garke. Hutun lakwal da damina yake faɗawa, lokacin da bisashe ke hawa arewa wajen Ingal. Yaro mai kiwo yana da lokaci da rana ƙarƙashin itace. Wata uku ba karatu yana sa a manta abin da aka koya. Shafi biyu kowace rana sun isa su riƙe shi.

Kada a manta da ƴan mata

Yarinya ta fi ɗan'uwanta rashin lokaci. Da ta taso lakwal, ga daka, ga rijiya, ga icce, ga raino. Idan dare ya yi ta gaji. Sannan idan ta faɗi jarrabawa a ce karatu ba na mata ba ne. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta kafa doka don kare yarinyar da ke lakwal da taimaka mata ta ci gaba da karatu. Amma doka ba ta shiga cikin gida ta raba aiki. Wannan na uwa da uba ne. Ungozomar likita da malamar da mata ke so a garinsu, daga cikin waɗannan ƴan mata za su fito.

Manomi ba ya aika ɗansa gona hannu sake. Makiyayi ba ya tura yaro rijiya ba guga. Wanda ya tura ɗansa kolej ko lise, ya haɗa shi da littafi, da fitila, da lokacin karatu. Hausawa sun ce karatu farkonsa maɗaci, ƙarshensa zuma. Allah Ya ba yaran Adar sa'a, Ya ba uwayensu abin yi musu hidima.