Matuƙin Jirgin Feshi da Yaƙin Jan-Baki

Idan gero ya fara nuna a ƙasar Sakkwato, ko shinkafa ta yi kai a fadamun Rima, wajajen Wurno da Goronyo, babu abin da ke hana manomi barci kamar jan-baki. Tsuntsu ne ɗan ƙarami, nauyinsa bai cika wuce giram 20 ba, amma yakan ci kimanin giram 10 na hatsi a yini. Ke nan garke mai tsuntsaye miliyan 2 na iya cinye tan 20 kafin faɗuwar rana. Irin wannan taro ya fi ƙarfin ihun yara da kaɗa gwangwani. Shi ya sa a shekarun da ɓarnar ta yi tsanani hukuma kan ɗauko jirgin feshi, ya tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato. To, wane ne ke tuƙa wannan jirgi, kuma me ya karanta?

Sana'ar ta samo asali ne a 1921, a jihar Ohayo ta Amurka, inda wani hafsan soja mai suna John Macready ya barbaɗa garin magani daga jirgi a kan itatuwan da tsutsa ta addaba. A Nijeriya kuwa, hanyar mai sha'awar tuƙi takan bi ta Kwalejin Horar da Matuƙan Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Ana bukatar ɗalibi ya ci Ingilishi da lissafi da fiziks a jarrabawar fita sakandare, likita kuma ya tabbatar da lafiyar idonsa da kunnensa da zuciyarsa. Bisa ƙa'idar duniya, lasin tuƙi na sana'a yana bukatar awa 200 a sama, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Daga nan sai horo na musamman kan feshi.

Wannan horo shi ne ƙashin bayan aikin. Jirgin fasinja nesa yake yi da ƙasa, amma mai feshin gona yakan sauko har kimanin mita 3 bisa shuka, yana kauce wa kuka da giginya da wayoyin lantarki. Zafin Sakkwato ma wani abokin gaba ne, domin iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka fukafukai ba sa samun ƙarfin ɗaga jirgi mai cike da magani da wuri. Bugu da ƙari, dole matuƙi ya san girman ɗigon da yake fesawa. In ya yi ƙanƙanta ainun, iska za ta kwashe shi zuwa rijiya ko rugar makiyaya. In ya yi girma, sai ya zube ƙasa a banza.

Sai kuma sanin halin tsuntsun kansa. Asalin abincin jan-baki 'ya'yan ciyawar daji ne, yakan auka wa gonaki sosai idan waɗannan suka yi ƙaranci. Da rana a warwatse yake kiwo, da almuru kuwa sai ya taru dubu-dubu a makwanci guda, cikin ƙayoyi ko ciyayin fadama. Don haka ba gonar ake fesa wa magani ba, makwancin ake nema. Ma'aikatan gona su ke bin sawu su gano wurin, matuƙi kuma ya iso daidai lokacin da tsuntsayen ke sauka, haske na gushewa.

Maganin da aka fi amfani da shi, watau fentiyon, yana lalata sinadarin da ke daidaita saƙo tsakanin jijiya da tsoka. Bai san bambancin jan-baki da shaho ko shirwar da ta ci mushensa ba, kuma yana cutar da mutum. Tunda jama'a na cin jan-baki, wajibi ne a gargaɗi ƙauyuka kada a tsinci wanda feshi ya kashe.

Saboda haka ɗalibin da ke mafarkin wannan aiki kada ya raina darasin ilimin halittu da na kemistiri. Matuƙin da ya iya jirgi amma bai san tsuntsu da iska da guba ba, yana iya ceton gero ya kashe rijiya.