Gleneagles: Me ya sa manyan taruka ke komawa otal-otal masu filin golf?

Otal ɗin Gleneagles da ke yankin Perthshire na Scotland yana cikin fili mai faɗin kimanin eka 850, kuma yana da manyan filayen wasan golf guda uku.

Kamfanin jiragen ƙasa na Caledonian ne ya gina shi, aka buɗe shi a shekarar 1924. Manufar kamfanin ita ce attajiran Landan su hau jirginsa, su kwana a ɗakunansa, su yi wasa a filinsa.

Abin lura shi ne filayen wasan sun riga otal ɗin zuwa. Tun a 1919 aka buɗe biyu daga cikinsu, waɗanda fitaccen ɗan wasa James Braid ya tsara. Na ukun, wanda Jack Nicklaus na Amurka ya zana, sai a 1993 ya fara aiki, kuma a kansa aka yi gasar Ryder Cup ta 2014.

Dabarar kasuwanci

Zagaye ɗaya na wasan golf yana da ramuka 18, kuma yakan ɗauki sa'o'i huɗu ko fiye. Bugun ƙwallon kansa ba ya cin lokaci mai yawa. Sauran duk tafiya ce da hira.

Wannan ne ya sa 'yan kasuwa ke sha'awarsa. Wanda ba zai ba ka minti goma a ofis ba, a filin golf kana tare da shi rabin yini, ba sakatare, ba masu jiran layi.

Su kuma masu otal sun gano cewa baƙi iri biyu za su iya cika musu ɗakuna: kamfanoni masu taro a ranakun aiki, masu yawon shaƙatawa kuma a ƙarshen mako.

Nesa da masu zanga-zanga

Ga shugabannin ƙasashe, amfanin filin ya wuce wasa. Faɗinsa da nisansa daga gari su ne ke sauƙaƙa wa jami'an tsaro aiki.

A 2001 'yan sandan Italiya sun harbe wani matashi ɗan zanga-zanga lokacin taron ƙungiyar G8 a birnin Genoa. Daga nan tarukan ƙungiyar suka ƙaurace wa manyan birane: Kananaskis a Kanada a 2002, Evian a Faransa a 2003, Sea Island a Amurka a 2004. Dukkansu wuraren shaƙatawa ne masu filin golf.

Da aka zo kan Birtaniya a watan Yulin 2005, sai gwamnatin Tony Blair ta zaɓi Gleneagles, aka kewaye shi da shingen ƙarfe mai tsawon kilomitoci.

A wannan taro ne, wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya halarta a matsayin shugaban Tarayyar Afirka, aka tabbatar da yafe wa ƙasashe matalauta 18 bashin kimanin dala biliyan 40. Nijar da Ghana suna cikinsu.

Najeriya ba ta cikin jerin, amma a watan Oktoban shekarar ta cimma tata yarjejeniyar da ƙasashen Paris Club, inda aka yafe mata dala biliyan 18.

An kuma yi alkawarin ƙara wa Afirka tallafin dala biliyan 25 a shekara kafin 2010, alkawarin da ba a cika shi gaba ɗaya ba.

Shingen ya kare shugabannin, amma bai kare jama'a ba. Ranar 7 ga Yuli, ana tsakiyar taro, 'yan ƙunar baƙin wake suka kashe mutane 52 a Landan, abin da ya tilasta wa Mista Blair barin baƙinsa na wasu sa'o'i.

Ba wannan ne karon farko da aka tattauna batun Afirka a otal ɗin ba. A 1977 shugabannin ƙasashe renon Ingila na Commonwealth sun amince a can su daƙile hulɗar wasanni da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta gamsu da yadda New Zealand ke aiwatar da yarjejeniyar ba, don haka ta ƙaurace wa gasar Commonwealth ta 1978.

Suka

Masu suka na ganin bai dace a tattauna talauci a wurin da talaka ba ya iya leƙawa ba. Masu kare muhalli kuma na ƙorafi kan ruwan da ciyawar filayen ke sha, musamman a yankuna masu ƙarancin ruwan sama kamar kudancin Sifaniya da Dubai.

Akwai kuma tambayar wanda ke cin ribar. A watan Oktoban 2019 fadar White House ta sanar cewa za a yi taron G7 na 2020 a otal ɗin golf na Doral a jihar Florida, mallakar Shugaba Donald Trump. Bayan kwana biyu ana suka, har daga 'yan jam'iyyarsa, sai ya janye shawarar.