Dalilin da ya sa wayar jirgin ƙasa mai lantarki ba ta tafiya a miƙe

Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da man dizal yake aiki, shi ya sa ba ma ganin waya a saman layinsa. Amma a Maroko, jirgin Al Boraq da aka ƙaddamar a 2018 yana gudun kilomita 320 a awa tsakanin Tanja da Kenitra, kuma daga wata waya da ke rataye a samansa yake shan wuta. Ƙarfin wutar wayar ya ninka na gidajenmu fiye da sau 100.

Me ke riƙe da wannan waya? A gefen layin dogon akwai turakun ƙarfe, tazarar kowane biyu kamar mita 50 zuwa 60. Kowane turke yana da hannun ƙarfe da ya miƙo ta saman layin, shi ke riƙe da wayar. A gindin hannun akwai insuleta, mai hana wuta shiga turken. Shi kuma jirgin yana da wani ƙarfe a rufinsa da ake kira fantogiraf, wanda ke gogar wayar yana janyo wuta.

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, injiniya kan zauna gaban kwamfuta ya tsara matsayin kowane hannu a manhaja irin su AutoCAD ko OpenRail. Zai shigar da taswirar layin, ya jera turaku, sannan ya ɗora wa kowanne hannunsa, yana ƙayyade tsawonsa da tsayinsa daga ƙasa.

A nan abin mamakin yake: da gangan ake hana wayar tafiya a miƙe. Hannun farko zai ja ta dama da kamar santimita 20 zuwa 30 daga tsakiyar layi, na gaba ya tura ta hagu. Da a ce a miƙe take, wuri ɗaya za ta riƙa ci a jikin fantogiraf har ta yi masa rami, kamar yadda guga ke cin bakin rijiya. Idan kuwa aka zarce ƙima, musamman a kwana ko lokacin iska mai ƙarfi, wayar za ta zame daga kan fantogiraf, ya sarƙe ta ya tsinko, jirage su tsaya cak da fasinjoji a ciki.

Sai kuma batun zafi. Wayar ta tagulla ce, kuma mun koya a darasin fiziks cewa ƙarfe na miƙewa idan ya ɗau zafi. Waya mai tsawon kilomita 1 takan ƙaru da kusan rabin mita idan zafi ya hau da digiri 30. Don haka ake yin hannayen yadda za su iya juyawa kaɗan su bi wayar, a kuma rataya nauyi a ƙarshenta don kada ta saki.

Manhaja tana lissafa duk wannan, ta kuma yi gargaɗi idan hannu ya matso kusa da gada. Sai dai abin da aka ba ta shi take aiki da shi. Idan awon farko ya karkace, zanen ma zai karkace.

Saboda haka ƙannenmu masu sha'awar injiniyanci, ku riƙe lissafin kusurwa da fiziks da zanen fasaha da kyau. Habasha da Tanzaniya sun riga sun shimfiɗa layukan dogo masu lantarki, kuma kowane turke a cikinsu sai da wani ya zauna ya auna shi.