Shaihu Umar da Hakkin Mahaifiya

 Wannan shiri na musamman zai yi nazarin wani ɗan littafi da mutumin ƙasarmu ta Bauchi ya rubuta, wato Shaihu Umar.

A shekarar 1933, sa'ad da Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta East, ta kira gasar rubuta labarai da Hausar boko, cikin waɗanda suka amsa kiran har da wani saurayi da bai wuce shekara 21 ba, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a wannan shekarar ya sauke karatunsa a Kwalejin Katsina, ya komo gida ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki, littattafai masu raha da jaruntaka, amma shi Malam Abubakar sai ya zaɓi ya ba da labari mai nauyi, labarin cinikin bayi da yadda yake raba ɗa da mahaifi.

Labarin ya buɗe ne a Rauta, kusa da birnin Bauchi, inda wani shaihin malami yake zaune tsakiyar almajiransa, suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya warware musu. Maraya ne daga Kagara, wanda mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai amana, Makau, wanda 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri saboda kusancinsa da sarki, har aka kore shi daga gari. A nan marubucin ya nuna mana buri na farko, burin mahassadi, wanda ba ya ganin hanyar ɗaukaka sai ta kan wuyan ɗan'uwansa. Kuma daga wannan hassada ce duk musibun da suka biyo baya suka tsiro, domin da ba a kori Makau ba, da uwar ba ta bar ɗanta a hannun ƙawa ba, da ɓarawo bai sami damar sace shi ba.

Daga hannu zuwa hannu yaron ya isa Kano, ya faɗa hannun wani Balarabe attajiri, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi a makaranta, har ya sauke Alƙur'ani, ya zurfafa a fannonin ilmi a gaban Shaihu Mas'ud, ya zama abin koyi ga jama'a. Wannan shi ne buri na biyu, neman ilmi cikin haƙuri da tawakkali. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura cewa mutumin nan da ya yi masa wannan alheri, da fataucin bayi yake cin abinci, ta yadda hannun da ya share wa Umar hawaye shi ne ya sa iyaye mata da yawa kuka.

Amma buri na uku, wanda a ganinmu shi ne zuciyar littafin, na mahaifiyar ne, wadda ba ta nemi dukiya ko sarauta ba, ba ta da wani muradi a duniya face ta sake ɗora ido a kan ɗanta. Ta bar danginta da mijinta ta bi sawu har Kano, inda wani mayaudari, Ado, ya yi mata alkawarin kai ta wurin yaron, ya ƙetara Sahara da ita, ya sayar da ita a Murzuk, alhali tana 'ya mai cikakken 'yanci. Hamadar da ɗan ya ratsa ya fito malami, ita ta ratsa ta fito baiwa. Kuma da Allah ya ƙaddara saduwarsu a Tarabulus, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta cika.

Marubucin bai tsaya yin dogon wa'azi a kan wannan ba, sai ya bar alamomi su yi magana. Kura ce ta halaka ɓarawon, ta bar yaron da rai, domin a gane cewa wanda Allah ya tsare babu mai iya cutar da shi. Mafarkin zakanya da aka raba da ɗanta shi ya tayar wa Umar da begen uwarsa bayan shekaru na natsuwa, ishara ga cewa ilmi komai yawansa ba ya shafe hakkin mahaifiya. Guguwar rairayi kuwa, wadda ta binne ayarin da Umar yake tafiya a ciki duka har da Abdulkarim, ta bar Umar shi kaɗai, ta zama tamkar hukunci a kan wannan fatauci baki ɗaya.

Wanda ya rubuta wannan labari ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, aka kashe shi a watan Janairun 1966, kabarinsa kuwa yana nan cikin birnin Bauchi. An fassara littafin zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Duk wanda zai sake karanta shi, muna roƙonsa, idan ya yaba wa shaihin saboda ilminsa, ya tsaya ya lissafa abin da uwar ta biya, sa'an nan ya tambayi kansa ko ya sauke nauyin tasa mahaifiyar tun tana raye.

Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya gafarta wa iyayenmu.