Fim Ɗin Da Ya Faɗi Abin Da Ɗan Ci-Rani Ke Ɓoyewa

Kowace shekara, da zarar an kai amfanin gona rumbu, sai samarin Jama'are da Azare da ƙauyukan ƙasar Katagum su ɗaura kaya su nufi Legas ko Fatakwal ko Abuja ci-rani. Gabanin damina su komo da ɗan abin da ya samu. Mutanen gida suna ganin tsaraba, amma ba safai sukan ji labarin kewa da kaɗaicin da aka sha kafin a samo ta ba. To, akwai wani tsohon fim da ya bayyana wannan al'amari filla-filla, kuma maƙwabtanmu 'yan Nijar ne suka fito a cikinsa.

Sunan fim ɗin Moi, un Noir, wato "Ni, Baƙar Fata". Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ne ya ɗauke shi a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, ya fito a shekarar 1958, ana sauran shekara 2 Faransa ta saki ƙasashen nan biyu. A shekarar nan ya ci lambar yabo ta Louis Delluc a Faransa.

Labarin na waɗansu samari ne baƙi da neman abinci ya haɗa su a unguwar Treichville. Ɗaya ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ɗaya yana tallan yadi, ɗaya kuwa direban tasi ne mai damben zamani. Kowannensu ya ajiye sunan yanka ya ari na wani tauraron silima: ga Edward G. Robinson, ga Eddie Constantine, ga Tarzan. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya je garin da ba a san ubansa ba yana iya kiran kansa abin da ya ga dama, ko ya rage zafin ƙasƙanci.

Ranakun aiki su yi sammakon neman lebura, wani lokaci a samu, wani lokaci a dawo hannu biyu. Asabar da Lahadi su tafi bakin teku ko gidan rawa, su kashe ɗan abin da suka tara. Robinson ya sha kashi a hannun wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Italiya a kan mace, Eddie Constantine kuma ya ƙare a kurkuku saboda faɗa da ɗan sanda. Duk cikin wannan hali babu ɗan'uwa kusa. Abokan da aka tsinta a hanya su ne dangi, su ne masu jin kukan mutum.

Abin da ya sa fim ɗin ya yi fice shi ne, ba a rubuta wa samarin nan abin da za su faɗa ba. An ɗauki hotunan babu murya, daga baya aka nuna musu, suka yi magana a kai yadda zuciyarsu ta ba su. Shi ya sa in Robinson ya tuna wankan kogi a Yamai yana yaro, ko yaƙin Indocina, mai kallo yake jin kewar har cikin ransa. Ashe rayuwarsa ce yake faɗa, domin Umaru Ganda, wanda ya fito a wannan matsayi, ya yi wa Faransa soja a yaƙin nan kafin ya zama ɗan dako a Abijan.

Shi dai Umaru Ganda bai ƙare a dako ba. Ya koma Yamai ya koyi shirya fim, ya yi Cabascabo da aka nuna a bikin Cannes a 1969, sa'an nan fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981, kuma bikin ya sanya wa ɗaya daga cikin kyaututtukansa sunansa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yau wayar hannu ta rage nisa, amma mafi yawan kiran da ke zuwa wa ɗan ci-rani na "turo kuɗi" ne. Ya kamata iyaye da 'yan'uwa su riƙa tambayarsa inda yake kwana, da wa yake cin abinci, wa zai kai shi asibiti in ciwo ya kama shi. Sarakunan Hausawa na zango-zango kuma su sa ido a kan sababbin zuwa, tun kafin kaɗaici ya jefa su hannun miyagun abokai.